Faya-fayan Makaɗan Zamfara: An Karɓa, An Kulle

Akwai wani dattijo a Gusau, Allah Ya jiƙansa, da ya ƙare rayuwarsa yana tara sautin makaɗan fada: faya-fayan garmaho, zaren ril da ya samo hannun tsofaffin ma'aikatan rediyo, da kaset-kaset da ya naɗa da kansa a wajen naɗin sarauta da hawan salla. A ciki akwai Salihu Jankiɗi, ɗan Rawayya ta ƙasar Bunguɗu wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, akwai Musa Ɗanƙwairo yana wasa 'Yandoton Tsafe, ga Narambaɗa, ga Sa'idu Faru. Lokacin da dattijon yake raye, ɗalibi daga Sakkwato ko Kano ko Zariya sallama kawai zai yi a zaure, a shimfiɗa masa tabarma, a kunna masa, a gaya masa wanda aka yi wa waƙar da dalilin yin ta. Da ya rasu, magada suka ga gara ta fara taɓa kwalaye, suka miƙa kayan ga wata cibiya da kyakkyawar niyya. Aka yi taro, aka ɗauki hoto, aka rufe ɗaki. Yau mai bincike sai ya rubuta takarda, ya jira sa hannun shugaba, a ce masa mai makulli ya yi tafiya, ranar da aka buɗe kuma a ce na'urar ta lalace. Babu jerin abin da ke ciki. Abin da ya fi ƙona rai, littafin da marigayin yake rubuta bayanin kowane kaset an raba shi da kayan, an jefa shi cikin takardun ofis. Yanzu lambobin da ke jikin kaset ɗin ba su nuna komai.

Hujjar farko da ake kawowa ta kulle kayan ita ce zare ya tsufa, yawan kunnawa zai kashe shi. Gaskiya ne, mu masu wannan aiki mun fi kowa sani. Amma zaren da aka kulle a ɗaki mai zafi, ƙurar hunturu ta shiga, raɓar damina ta biyo, mutuwa yake yi ko ba a taɓa shi ba. Maganinsa a kunna sau ɗaya a kan na'ura mai lafiya, a ɗauki uwar kwafi ba tare da matse sauti ba, a fitar da kwafin saurare, asalin ya huta. Kuma kada kwafin ya zauna wuri guda. Laburaren Birtaniya da kansa, da aka yi masa kutse a Oktoban 2023, masu bincike sun daɗe ba su kai ga taskar sautinsa ba, balle kwamfuta ɗaya a ofishin da ba ya samun wuta.

Sai a ce in aka buɗe, masu turi a kasuwa za su kwashe, iyalan makaɗa su tashi a tutar babu. Masu turi sun riga sun yi ɓarnarsu: sun yanke farkon waƙa, sun liƙa sunan Ɗanƙwairo a waƙar wani, wasu har kiɗan fiyano suke ɗorawa a kan kotso. Kulle ingantaccen kwafi shi ne ya bar musu fili, don ɗalibin da aka kora daga cibiya wurinsu yake komawa, ya gina digirinsa a kan gurɓataccen sauti. Saurare a ɗakin karatu daban, ba da kwafin sayarwa daban. Na biyun ne yake buƙatar yardar magadan makaɗi.

Hujjar da nake girmamawa ita ce ta zambo. Waƙar fada ba ta rasa habaici ga 'yan sarki masu neman gado, jikokinsu kuwa suna nan a Tsafe da Bunguɗu da Kwatarkwashi, wasu suna riƙe da sarauta. Wannan dalili ne na a ware waƙoƙin da abin ya shafa, a rubuta sharaɗin saurarensu da wa'adinsa. Bai isa dalilin rufe taska gaba ɗaya ba. Batun rashin kuɗi kuwa, wanda ba shi da halin riƙon amana bai kamata ya miƙa hannu ba tun farko.

Magada, kada ku ba da kaya sai da yarjejeniya a rubuce: yaushe za a gama jeri, wa zai saurara, ina kwafin iyali. Kada ku raba kaset da littafinsa. Kada ku bari ɗan gyaran rediyo ya goge zare da fetur ko ya haɗa shi da salatif. Ina sake faɗa, kada ku raba kaset da littafinsa.

Ɗanƙwairo ya rasu tun 1991, waɗanda suka yi masa amshi da waɗanda suka ji Jankiɗi da kunnensu ƙarewa suke yi, su ne kuma za su iya cewa wannan muryar wane ce. Shugabannin cibiyoyi, ku buɗe ɗakunan nan tun suna raye a tambaye su.