DAFIN MACIJI: SHIN SHI KE NARKA MASA ABINCI?

Manoman Adar, ga kaka ta zo. Ɓeraye sun taru gindin rumbu da ƙarƙashin dammunan hatsi, macizai kuma suna biye da su. Daga Kalfu zuwa Barmu mutane sukan ce dafi shi ne wutar da maciji yake dafa abincinsa da ita. Bari mu duba maganar.

Maciji ba ya tauna. Haɗiye ɓera yake yi ɗungurungum, da gashi da ƙashi. Dafi kuwa wani irin miyau ne da ke taruwa cikin 'yar jaka bayan idonsa, ya biyo ta haƙori. Dafin kasa da na kububuwa yana da sinadarai masu ruɓar da nama da lalata jini. Kasa takan sari ɓera ta sake shi, ya je ya faɗi, sannan ta bi wari ta same shi. Kafin ta haɗiye, dafi ya soma aiki cikin jikinsa.

Masana sun gwada abin a Amurka. A 1979 wasu sun ga ɓeran da aka sa wa dafi ya fi saurin narkewa cikin maciji, musamman in akwai sanyi. A 2007 wani ya sake gwaji, bai ga bambanci ba. Ku dubi mesa kuma: ba ta da dafi ko kaɗan, amma cikinta yana narkar da dabba har ƙashi. A ganina, babban aikin dafi shi ne kayar da abin farauta tun bai tsere ba. Narkarwa aikin ciki ne, taimakon dafi kaɗan ne.

Abin da ya shafe mu shi ne wannan: yadda dafi yake yi wa ɓera, haka yake yi wa ƙafar mutum. Wurin ya kumbura, nama ya ruɓe. Wanda kububuwa ta sara yakan yini garau, daga baya jini ya ƙi daskarewa, ya riƙa fita ta dasashi. Ba banza ake ce mata gobe-da-nisa ba.

Saboda haka kada a tsaga wurin da aska, jini zai ƙi tsayawa. Kada a tsotsa. Kada a ɗaure tamau da igiya, wannan yana ƙara ruɓar nama. Baƙin dutse ba ya janye dafin da ya riga ya shiga jiki. A cire zobe da munduwa, a hana shi tafiya da ƙafa, a ɗora shi a amalanke ko mota zuwa gidan likita mafi kusa. In babu allurar dafi can, a wuce da shi babban asibitin Tawa a ranar, ko da yana cewa ya ji sauƙi.