Darasin Girki: Kowane Lokaci Da Abincinsa

Darasinmu na wannan wata a kan tukunya yake.

Allah ya ba ƙasar Gobir tudu da fadama. A tudu muna samun gero da dawa da wake da gyaɗa. A fadamun gulaben Bunsuru da Gagare da Rima muna samun albasa da dankali da tumatir da kifi. Duk da haka, daga watan Yuli zuwa Agusta rumbu kan yi ƙasa. Rashin tsaro ya ƙara wa abin nauyi. Tun daga shekarar 2019 iyalai masu yawa sun bar gonakinsu, wasu har sun ƙetara ƙasar Maraɗi. A irin wannan hali, ƙananan yara ne tamowa ke fara kamawa. Saboda haka dole uwargida ta san abin da kowane lokaci yake kawowa, ta yi amfani da shi tun yana da araha.

Duwatsun Murhu Uku

Tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya. Haka jikin mutum yake bukatar abinci iri uku. Na farko mai ba da ƙarfi: gero, dawa, dankali da mai. Na biyu mai gina jiki: wake, gyaɗa, kifi, ƙwai, nama da nono. Na uku mai tsare jiki daga cuta: zogale, sure, kuka, kabewa da 'ya'yan itace. Ki yi ƙoƙari ukun nan su haɗu a akushinki kullum. Ma'auninmu a wannan darasi gwangwanin madara ne, kuma kowane girki na mutum 4 ne.

1. Damina: Dambun Gero Da Zogale

Kayan haɗi: tsakin gero gwangwani 2, ganyen zogale gwangwani 4, garin ƙuli-ƙuli rabin gwangwani, albasa 1, man gyaɗa cokali 4, gishiri da yaji.

Ki wanke tsakin, ki rege shi, ki tsane ruwan. Ki zuba shi a madambaci ya turaru minti 20. Ki juye a ƙwarya, ki yayyafa ruwa kaɗan, ki zuba zogale da albasa da gishiri, ki cakuɗa. Ki mayar madambaci minti 20 kuma. In ya nuna, ki sauke ki sa ƙuli da mai da yaji. Amfanin wannan girki shi ne ganye yana ƙara wa hatsi auki a lokacin da hatsin ya yi tsada.

Kada damina ta wuce ba ki yi ajiya ba. Ki shanya zogale da lalo da sure a inuwa, domin rana mai zafi tana rage amfanin ganye.

2. Kaka: Faten Wake Da Kabewa

Kayan haɗi: wake gwangwani 2, kabewa yanka 2 manya, albasa 1, daddawa 1, mai cokali 4, sure cikin hannu ɗaya, gishiri da barkono.

Ki jiƙa waken tun dare. Wannan yana rage cin itace, kuma ba sai kin sa kanwa da yawa ba. Da safe ki zubar da ruwan jiƙon, ki dafa waken da sabon ruwa. In ya fara laushi, ki zuba kabewa da albasa da daddawa da mai. Ki bar su su narke tare. Sure shi ne na ƙarshe, minti 5 ya ishe shi. Jaririn da ya wuce wata 6 zai iya ci, amma a ɗibar masa kafin a sa barkono, a dame masa sosai.

Abin zaƙi na kaka shi ne kantun gyaɗa. Ki soya gyaɗa gwangwani 2, ki murje ɓawon, ki ɗan farfasa ta a turmi. Ki narka sukari gwangwani 1 a wuta kaɗan har ya yi ja. Ki zuba gyaɗar, ki juya da sauri, ki juye a farantin da aka shafa wa mai. Ki daddanne da kwalba, ki yanka tun da zafinsa. Gargaɗi: duk gyaɗar da ta yi fumfuna ko ɗaci, a tsince a zubar. Tana ɗauke da gubar da ke lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta.

3. Ɗari: Faten Dankali Da Busasshen Kifi

Kayan haɗi: dankali matsakaita 6, tumatir 4, albasa 1, attaruhu 2, busasshen kifi 2, mai cokali 4 da gishiri.

Ki fere dankalin, ki yanka ƙanana. Ki soya albasa da jajjagen tumatir da attaruhu. Ki tsaida ruwa gwangwani 4. Ki wanke kifin da ruwan zafi, ki cire ƙaya, ki zuba. In ya tafasa, ki sa dankalin ya dahu kamar minti 25, har romon ya yi kauri. In kin sami dankali mai jan ciki, ki zaɓe shi, domin yana da bitamin A mai taimakon ido.

A wannan lokaci kayan fadama suke araha. Ki yi kauɗar tumatir da gabu ki adana, za ki gode wa kanki da damina.

4. Bazara: Ruwan Kuka Da Nono

Ki fasa 'ya'yan kuka, ki jiƙa farin cikin gwangwani 2 a ruwa gwangwani 4. Ruwan ya zama an tafasa shi ya huce. Bayan awa 1 ki murje, ki tace da rariya. Ki zuba kindirmo ludayi 3 da sukari kaɗan, ki dama. In akwai nunannen mangwaro, ki yayyanka a ciki. Kuka tana da bitamin C mai yawa, kuma yara suna son ta a lokacin zafi. Kada a sa zuma ga yaron da bai cika shekara 1 ba.

Garin Kunun Yara

Wannan na kowane lokaci ne. Ki ɗauki gero gwangwani 6, waken suya 3, gyaɗa 1. Ki soya kowanne daban har ya yi ƙamshi, ki cire ɓawon waken da na gyaɗar, ki haɗa a niƙa. Ki adana a mazubi mai murfi. Kullum ki ɗibi cokali 3 ki dama, ki dafa minti 10. Kafin wata 6, nonon uwa kaɗai ya ishi jariri.

In kin ga yaro yana ramewa, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi, kunu kaɗai ba zai wadatar ba. Ki kai shi asibiti a auna damtsensa. Ga yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, awon da ya gaza santimita 11 da rabi alamar tamowa mai tsanani ce.

Tambayoyi

1. Faɗi iri uku na abinci, ki ba da misali biyu ga kowanne.
2. Don me ake shanya ganye a inuwa?
3. Gwangwani 2 na tsaki ya ishi mutum 4. Gwangwani nawa zai ishi mutum 10?
4. In kin auna gero gwangwani 12 domin garin kunu, waken suya nawa da gyaɗa nawa za ki sa?

A rubuta amsa a kai wa malamar aji. Wadda ta iya karatu ta karanta wa maƙwabciyarta. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.