Darasi na 14: Hanyar Keke a Bakin Tafki

Jama'a, kusan ko wane ƙauye akwai mai keke. Da keke a ke kai kaya kasuwa, da shi a ke zuwa gona mai nisa, da shi a ke kai marar lafiya asibiti. Amma mai keke yana da abin tsoro guda ɗaya, watau babban titi. Idan mota da keke suka yi karo, ba a tambayar wanda ya ji ciwo.

Yau za mu karanta labarin wani wuri a ƙasar Turai inda aka yi wa mai keke hanyarsa dabam. Ku karanta a hankali, don akwai abin koyo a ciki.

TAFKIN

Sunan wurin Tafkin Kwanstans. Mutanen wurin suna kiransa Bodense. Ƙasa uku suka kewaye shi: Jamus, da Ostiriya, da Suwizalan. Tsawonsa kilomita 63 ne, faɗinsa kuwa kilomita 14 a inda ya fi faɗi. Zurfinsa ya kai mita 250. Kogin Rain ya kan gangaro daga manyan duwatsu, ya shiga tafkin ta gefe guda, ya fita ta wancan gefe. Ruwan yana da tsabta ƙwarai. Mutum wajen miliyan 4 su ke shan ruwan da a ke ja daga cikinsa da famfo.

Ƙasar sanyi ce. A shekarar 1963 sanyi ya yi tsanani har ruwan tafkin duka ya daskare ya zama ƙanƙara. Mutane suka ƙetare shi da ƙafa, waɗansu ma a kan keke. Tun daga wannan shekara bai sake daskarewa duka ba.

HANYAR

Akwai hanyar keke wadda ta kewaye tafkin. Tsawonta wajen kilomita 260 ne, watau kamar mil 160. Ta fi nisan Kano zuwa Kaduna kaɗan. Ba ta da tudu da yawa, saboda haka tsofaffi da yara ma suna binta. Masu yawa su kan gama ta cikin kwana 5 ko 6, suna kwana a garuruwan da ke bakin ruwa.

A waɗansu wurare hanyar ta masu keke ce kaɗai, mota ba ta hawa. A waɗansu wurare kuma ƙaramar hanya ce ta manoma, wadda mota ba ta cika bi ba. An kafa alluna a mararraba, da hoton keke, da sunan gari, da nisansa. Wanda ya iya karatu ba ya ɓata. Wanda bai iya ba kuwa, sai ya yi ta tsayawa yana tambaya.

A ƙasashen nan uku hannun dama a ke bi, kamar yadda a ke yi a Nijar, da kuma Nijeriya tun 1972. Don haka masu dabara su kan kewaya tafkin yadda hannun agogo ya ke juyawa. Me ya sa? Domin idan ka yi haka, ruwa yana hannunka na dama kullum. Kana gefen ruwa, ba sai ka yi ta ƙetare titi ba in kana son ka huta a bakin tafki.

TAFIYAR

To, mu ɗauka mun tashi daga birnin Kwanstans a ƙasar Jamus. Kusa da birnin akwai jirgin fito, wanda ya fara aiki a 1928. Yana ɗaukar mutane da motoci da kekuna. Cikin minti 15 ya kai mu wani tsohon gari da a ke kira Mersburg, a ƙetaren ruwa.

Daga nan sai mu nufi gabas. Ruwa yana dama, gonaki suna hagu. Yawancinsu gonakin tuffa ne da inabi. Sai mu isa Lindau, wani gari da aka gina a kan tsibiri. Gada ce ta haɗa shi da tudu. Gaba kaɗan sai ga mu a ƙasar Ostiriya.

A Ostiriya ne za mu tarar da wuri mai shiru ƙwarai, inda Kogin Rain ya ke shiga tafkin. Fadama ce mai ciyawa da tsuntsaye iri iri, an hana ɓata ta. Hanyar keke tana bisa wata ganuwa ta ƙasa da aka yi don tare ambaliya. Ba ka jin kome sai kukan tsuntsu da ƙarar kacar kekenka.

Daga nan sai Suwizalan, mu bi bakin ruwa ta kudu har mu komo Kwanstans. Wanda bai gaji ba ya kan zarce yamma ya ga tsibirin Raihenau. An yi masa hanya ta cikin ruwa a 1838, da itatuwa a jere dama da hagu. Mutanen tsibirin masu lambu ne. Suna noman tumatir da latas da sauran kayan miya.

INA SHIRU YA KE?

Kada ku zaci hanyar nan shiru ta ke kullum. A watan Yuli da Agusta, lokacin zafinsu da hutun makaranta, masu keke su kan cika ta maƙil. Mai son shiru yana da dabara uku. Ta fari, ya zo a watan Mayu ko Satumba. Ta biyu, ya yi sammako. Ta uku, ya bar bakin ruwa ya shiga ƙananan hanyoyi na cikin gonaki. Waɗannan sun fi nisa, suna da tudu da gangare, amma ba cinkoso. Hausawa sun ce, hanyar lafiya a bi ta da shekara.

DOKA

Ba hanya kaɗai ke tsare mai keke ba, har da doka. A Jamus tilas ne keke ya kasance da birki biyu, da ƙararrawa, da farar fitila a gaba, da jar fitila a baya. Tun 2020 kuma doka ta ce, idan mai mota zai wuce mai keke, sai ya bar tazarar mita 1 da rabi a cikin gari, mita 2 a bayan gari. Mita 2 ya fi tsawon yawancin mutane. In ba fili, sai direba ya jira.

ABIN DA ZA MU KOYA

Ba kowa zai je Turai ba, amma kowa yana iya tsare ransa a inda ya ke.

1. Idan hanya biyu ce zuwa kasuwa, bi wadda manyan motoci ba su bi, ko da ta fi nisa.
2. Kafin ka hau, gwada birki, ka taɓa taya ka ji iska.
3. Kada ka bar gida ba famfo, da faci, da sholisho, da ruwan sha.
4. Kada ka hau keke da dare ba fitila. Kai kana ganin mota, amma direba ba ya ganinka.
5. Miƙa hannu kafin ka juya, ka waiwaya baya.
6. Kada ka yi wa keke lodin da zai hana ka riƙe kansa.

Iyalinka suna jiranka a gida. Gara ka makara da rabin awa da a kawo musu mummunan labari.

TAMBAYOYI

1. Ƙasa nawa suka kewaye Tafkin Kwanstans? Faɗi sunayensu.
2. Me ya faru da tafkin a 1963?
3. Don me a ke kewaya tafkin yadda hannun agogo ya ke juyawa?
4. Wace dabara mai son shiru zai yi?
5. Wace hanya ce ta fi lafiya daga ƙauyenku zuwa kasuwa? Ku tattauna da malaminku.

LISSAFI

Wani ya kewaya tafkin, kilomita 260, cikin kwana 5. Kullum tafiyarsa ɗaya ce. Kilomita nawa ya ke yi a rana?

RUBUTU

Ku rubuta wannan sau uku a littafinku: Sannu ba ta hana zuwa.