Tafiyar Kwana Bakwai Don Ganin Kufai, Daga Birnin Gwari

Kai mai karatu, in kana zaune a Birnin Gwari ko wani gari na kusa da shi, ka san daji. Ka kuma san abin da a ke ce da shi kufai, watau wurin da mutane suka yi zama a zamanin da, suka tashi suka bar shi. Manomi ya kan ci karo da kufai yana huɗa, maharbi ya kan huta a gindin kukarsa, amma kaɗan ne su ke tsayawa su ce, "Shin su wa suka zauna nan, me kuwa ya tashe su?" Wannan darasi na mai son ya yi wannan tambaya ne. Za mu shirya maka tafiyar kwana bakwai a mota, ka fita daga Birnin Gwari ta gabas, ka kewayo ta Zariya da Kano da Daura da Katsina, ka komo gida ta arewa. Duka duka wajen kilomita 900 ke nan.

Da fari sai ka san ƙasar da za ka tashi daga cikinta. Dajin nan da ka ke gani ba haka ya ke tun fil azal ba. A da akwai garuruwan Gwari da na Kamuku da na Hausawa a cikinsa, waɗansu a kan duwatsu, waɗansu da ganuwa. Babbar hanyar fatake daga Kano zuwa Nufe da Gwanja ta nan ta ratsa, ayari da jakuna da takarkarai, su tafi da kanwa da tufafi, su komo da goro. A shekarar 1826 wani Bature, Kyaftin Clapperton, ya bi wannan hanya daga bakin teku zuwa Kano, ya ratsa Birnin Gwari ya wuce Zariya, ya rubuta sunan garin cikin littafinsa. Bayan wannan aka yi zamanin hare-haren bayi. Umaru Nagwamatse ya kafa Kwantagora, ɗansa Ibrahim ya yi sarauta a bayansa, mayaƙansu suka yi ta cin ƙasar Gwari da ta Kamuku har 1901, sa'ad da Turawa suka ci Kwantagora. Gari da yawa ya watse, gonaki suka koma saura, saura ta koma daji. A 1936 En'e ta keɓe dajin Kamuku, a 1999 aka mai da shi gandun dajin ƙasa, faɗinsa ya ɗara murabba'in kilomita 1,100. Saboda haka in ka ga kurmi mai duhu, kada ka ɗauka ba a taɓa daka hatsi a wurin ba.

To, ga magana mai nauyi, ita ce kuwa ta fi kome cikin shirin nan. Abin da ya watsa garuruwa a da ya sāke komowa da wata kama. Shekaru da yawa ɓarayin shanu da 'yan bindiga sun yi sansani cikin dazuzzukan Kamuku da Kuyambana, suna tare hanya, suna kama mutane don fansa. A watan Mayu na 2018 an kashe mutum fiye da 40 a ƙauyen Gwaska rana ɗaya. A watan Maris na 2024 an kwashe 'yan makaranta a Kuriga, a kan hanyar Kaduna ɗin nan da za ka bi. A watan Nuwamba na 2024 Gwamnatin Kaduna ta yi sulhu da waɗansu daga cikinsu, aka buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan ta daɗe a rufe. Amma halin hanya kamar na rafi ya ke, wanda ya ƙetare jiya ba ya yi maka alkawarin yau. Kada littafi ya zama jagoranka a nan, ko da wannan ne. Ka tafi tasha ka tambayi direbobin da suka iso da safen nan, ka tambayi dagaci ko mai unguwa. In sun ce kada ka bi, ka fasa, ko da ka riga ka biya kuɗin mota. Kada ka yi tafiyar dare, kada ka tashi kafin motocin haya su fara fita, in la'asar ta yi kuwa ka kasance ka sauka. Gandun Kamuku ba a shigarsa sai da iznin ma'aikatansa da rakiyarsu. Babu ganuwar da ta kai ranka daraja.

Lokacin tafiya kuwa hunturu ne, tsakanin Disamba da Fabrairu. Da damina ciyawa ta rufe kome, kana iya taka ganuwa ba ka sani ba, ga macizai, ga caɓi. In an yi girbi, an ƙone ciyawa, sai ƙasa ta bayyana kamar tafin hannu. Ku tafi ku uku ko huɗu, ku raba kuɗin mai. A duba taya da birki tun a gida. Ka riƙe takardar shaidarka, gama akwai shingayen soja da 'yan sanda, da goro ko ɗan abin gaisuwa domin masu tsaron wurare, da littafin rubutu da fensir. Wannan na ƙarshe kada ka rena shi. Abin da ido ya gani a kwana bakwai ya kan cuɗe, Ƙofar Doka ta koma Katsina, Gobarau ta koma Daura, sai wanda ya rubuta kowace maraice.

Ranar farko Kaduna kaɗai za ka, wajen kilomita 120, ta Udawa da Buruku. Kaduna ba tsohon gari ba ne, amma akwai gidan ajiye kayan tarihi, ka shiga ka ga tukwane da gumakan yumɓu na mutanen Nok, ka kwana. Kashegari ka kama hanyar Zariya, ka ratse zuwa Turunku, cikin ƙasar Igabi. A nan sarakunan Zazzau suka zauna kafin a koma inda Zariya ta ke yanzu, wajen 1536, zamanin Bakwa Turunku, wanda a ke cewa shi ya haifi Sarauniya Amina.

A Turunku za ka fara koyon karatun kufai, gama shi ma karatu ne, yana da baƙaƙensa. Ka fara duban itatuwa. In ka ga kukoki manya sun taru wuri guda, ko rimi, ko tsamiya a jere, mutane suka bar su. Sa'an nan ka nemi wani tudu mai tsawo wanda ya miƙe ya lanƙwasa kamar kunyar gona ta ƙato, wannan ita ce ganuwa, ruwan sama ya cinye kanta. A bayanta za ka ga kwari ya bi ta, shi ne gwalalo, inda aka haƙi ƙasar ginin, aka bar ramin ya zama tarko ga dawakin abokan gāba. Inda tudun ya yanke, nan ƙofa ta ke. Ka sunkuya ka dubi ƙasa: tsingaro, da dutsen niƙa wanda ya lotsa don aiki, da kashin maƙera, watau baƙin dattin da ya kan rage in an narka tama. Ramuka ƙanana masu zurfi a jere, bakinsu da tauri, marina ce. Gari mai marina kuwa yana da masaƙa, yana da kasuwa, yana da baƙi. Ka ga daga rami guda ka san sana'a uku. Amma ka duba da ido kawai. Dokar ƙasa ta hana haƙa ko ɗaukar kayan tarihi sai da iznin hukumar da ke kula da su. Ban da doka ma, a ƙasar da a ke haƙar zinariya kamar tamu, baƙon da aka gani yana tonon daji ba zai sami mai gaskata shi ba.

Zariya ka ba ta kwana biyu, ta cancanta. Ka kewaya ganuwa, ka ƙirga ƙofofi. Akwai wadda a ke kira Ƙofar Kuyambana, sunan garin nan ne na yamma wanda yanzu ba a ambatonsa sai a ce daji. Ka hau dutsen Kufena in kana da ƙarfin gwiwa, a gindinsa mutane suka zauna tun kafin birnin, can kuma masu tsafi su ke kai gaisuwarsu a da. Amma babban abin da ya kawo ka shi ne Masallacin Juma'a na ƙofar fada. An gina shi zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Maginin shi ne Muhammadu Durugu, wanda a ke kira Babban Gwani. Daga waje ba za ka ga kome na da ba, domin an yi sabon gini na siminti an rufe tsohon a ciki. Sai ka nemi izni ka shiga, ba lokacin salla ba, ka tuɓe takalmi, ka ɗaga kai. Da tubali da azara da laka kaɗai ya ta da ginshiƙai, ya tanƙwara bakan gizo daga wannan zuwa wancan, ya ɗora tulluwa a bisa. Azara itacen giginya ce, gara ba ta cinta, amma ba ta ɗaukar nauyi in ta yi tsawo. Dabarar ita ce a jera gajeru, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure, a shafe da laka, har hannu biyu su gamu a sama. Ka tsaya ka bi baka guda da ido daga ƙasa har inda ya gamu da ɗan'uwansa, za ka gane abin da ya sa zuriyarsa su ke riƙe da sarautar magina, unguwarsu kuma a ke kiranta da sunansa.

Akwai labarin da ya haɗa mutumin nan da garinmu. Ana cewa bayan Zariya ya zo Birnin Gwari ya gina masallaci, da ya gama sai sarkin lokacin ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani wanda ya fi shi. Labarin baka ne, irinsa kuwa ana ba da shi a kan manyan magina a ƙasashe da yawa, har Turai. Ni a ganina abin da ya ke nunawa shi ne girman Birnin Gwari a idon mutanen wancan zamani, gama ba a kiran Babban Gwani zuwa ƙauye.

Kano kwana ɗaya za ka yi, ba don ya isa ba, sai don ita ce ka fi samun dalilin komawa. Ka hau Dala da sassafe, inda Barbushe ya ke tsafin Tsumburbura kafin zuwan Bagauda. Ka sauko Gidan Makama, wanda aka mai da shi gidan tarihi. Ganuwa Sarki Gijimasu ya fara ta, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta. Yau wurare da yawa an yi gidaje da kantuna a kanta. Abin da yaƙi bai rushe ba, masu neman fili sun ci shi.

Rana ta biyar ka yi sammako zuwa Daura, ka ga rijiyar Kusugu, inda a ke cewa Bayajida ya kashe maciji, ka wuce Katsina. In rana ba ta yi nisa ba, ka ratse ta Mani zuwa Durɓi ta Kusheyi. Tuddai ne na ƙasa, wanda bai sani ba sai ya ce suri ne manya, alhali kuwa kaburburan sarakunan Durɓawa ne. A 1907 wani Bature mai suna Palmer ya tona waɗansu, a 1992 aka sāke tonawa. An sami 'yan kunne na zinariya, da tasoshin tagulla, da awarwaron hauren giwa, da wuri. Waɗansu kayan daga ƙetaren Sahara suka zo, shekaru ɗaruruwa kafin jirgin Turawa ya san bakin Kwara. Ka kwana Katsina, da safe ka tafi hasumiyar Gobarau, tsawonta wajen ƙafa 50, ta ƙasa ce zalla, ana danganta ta da zamanin Muhammadu Korau. Da ita da Birnin Gwari akwai zumunci, domin a da ƙasarmu Katsina ta ke bi. Daga nan sai Funtuwa, wajen kilomita 200. Hanya ba ɗaya ba ce, ka tambayi direbobi wadda su ke bi ranar nan, ka bi su.

Me ya sa muka bar tsohon Birnin Gwari sai rana ta bakwai, ga shi kuwa shi ya fi kusa da kai? Domin abin gida ido ya saba da shi, ba ya ganinsa. Wanda ya ga gwalalon Turunku da azarar Zariya, in ya zo nan zai gane abin da ya ke takawa. Tsohon garin yana kan hanyar da ta taho daga Funtuwa, arewa maso gabas da sabon gari, inda aka mai da sarauta kusa da babbar hanyar mota. Ba kufai ba ne sarai, akwai mutane a ciki, don haka ka fara da gaisuwa wurin shugaban garin kafin ka leƙa ko'ina. Ka roƙa a haɗa ka da wani dattijo. Ka tambaye shi inda ƙofofi su ke da sunan kowace, da inda fatake su ke sauka, da inda fada da masallaci su ke, da ƙauyukan da ya san suna da hayaƙi yana yaro amma yanzu babu kowa. Ka rubuta sunayen nan duka, har na waɗanda suka tashi cikin 'yan shekarun nan, da shekarar da kowane ya tashi in an tuna, gama waɗannan ba su shiga kowane littafi ba tukuna.

Wannan yanki na hanya shi ya fi bukatar tambaya. In aka ce maka a Funtuwa bai yi kyau ba, ka juya ta Zariya da Kaduna, ka ƙara kwana ɗaya, ka ajiye tsohon gari sai wani hunturu. In an ce lafiya, ka bi ayarin motocin safe, ka gama abin da ka ke yi kafin azahar, ka kama hanyar gida da sauran rana.