Sabuwar Gwiwa Ba Ta Son Kwanciya

Idan gwiwar mutum ta lalace har tafiya ta gagare shi, likita yakan yi masa aiki. Ya kankare bakin ƙashin da ya cinye, ya sa ƙarfe da roba a madadinsa. To, likita ya gama nasa aiki, saura naka.

Mutane da yawa suna tsammani kwanciya ita ce magani. Ba haka ba ne. Gwiwar da aka bari ba motsi sai ta sandare, naman cinya ya saki, jini kuma yana iya daskarewa cikin jijiyar ƙafa. Saboda haka ne a asibiti akan tsai da kai a ƙafarka ran da aka yi aikin, ko kashegari.

In ka koma gida, ga abin da za ka riƙa yi sau 3 kowace rana:

1. Kwanta rigingine, ka miƙe ƙafa. Ka danna bayan gwiwa a kan gado, ka ƙirga 5, ka saki. Yi haka sau 10.
2. Jawo diddige a hankali zuwa wajen ɗuwawu, sa'an nan ka mayar.
3. Motsa tafin ƙafa sama da ƙasa, don jini ya gudana.
4. Ɗauki sandarka ka zaga tsakar gida. Kullum ka ƙara kaɗan.

Za ka ji zafi. Sha maganin da aka ba ka, ka ci gaba.

Kada ka sa matashi ƙarƙashin gwiwa, don kada ta warke a lanƙwashe. Kada ka tsuguna, ko ka zauna a tabarma, sai likita ya yarda. A yi maka kujera mai rami a masai. Salla ma ka yi ta a zaune kan kujera. Kada wanzami ya yi maka tsaga ko ƙaho a wurin, gama ƙazanta tana iya shiga har ta kai ga ƙarfen.

A kai ka asibiti nan da nan in ka ga zazzaɓi, ko mugunya a bakin ɗinki, ko sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi maka wuya.

Bayan kamar mako 6 yawancin mutane sukan ajiye sanda. Amma kumburi yakan yi watanni, ƙarfi kuwa yana iya kai shekara kafin ya komo sosai. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba da lafiya.