Hukuncin Direban Da Ya Shagala Da Waya Har Ya Kashe Rai

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tun da wayar hannu ta bazu a Nijeriya daga shekarar 2001, watau direba ya riƙe sitiyari da hannu guda, ɗaya hannun kuwa yana rubuta saƙo.

Da farko dai a duba girman haɗarin. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 cikin kowane sakan. Idan direba ya sunkuyar da kai sakan 5 kacal don karanta saƙo, ya tafi mita 125 ke nan, fiye da tsawon filin ƙwallo, tamkar makaho ne ke jan motar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, ta kuma nuna cewa haɗarin da mai tuƙi yana amfani da waya ke ciki ya ninka na wanda ya aje ta kusan sau 4.

To, mene ne hukuncin wanda ya kaɗe mutum ya mutu a wannan hali? Malaman Malikiyya sun kasa kisa gida biyu, na ganganci da na kuskure. Tun da direban bai yi nufin kisa ba, nasa ya faɗa cikin kuskure. Amma fa kuskure ba ya wanke shi, domin aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta abu biyu a kansa.

Na farko diyya, wadda asalinta raƙuma 100 ne, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, danginsa na wajen uba su biya magada cikin shekara 3. Na biyu kaffara, watau 'yanta bawa mumini. Tun da babu bayi a yau, sai azumin wata 2 a jere. Wannan kuwa a kansa take shi kaɗai, kuma kowane rai da tasa kaffara. In mutum 4 suka rasu, azumin wata 8 ya hau kansa.

Sau da yawa akan ji direba ya ce ƙaddara ce. Gaskiya ne babu abin da ke aukuwa sai da ikon Allah, amma ba a fakewa da ƙaddara don kare sakaci. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a taronta na Burunai a 1993, ta zartar cewa bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a. Dokar hanya ta Nijeriya kuwa ta hana amfani da waya a lokacin tuƙi, saboda haka mai yin sa ya saɓa wa doka, ya kuma ɗauki zunubi ko da ya sauka lafiya.

Fasinjoji amana ne a wuyan direba. In saƙo ya matsa, sai ya rage gudu, ya tsaya a gefen hanya, ya amsa. Fasinjan da ya ga direba yana danna waya kuma ya yi masa magana cikin ladabi, domin wannan yana cikin hani ga mummunan aiki, kuma ransa na cikin motar.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa a dace, amin.