Kafin Ka Sayi Ƙaramin Bolum, Auna Hularsa Tukuna

Duk wanda ya zauna haɗa amfilifaya mai fitila da hannunsa ya san inda gizo ke saƙa: akwatin ƙarfe ƙarami, taransifoma biyu sun cinye rabinsa, fitilu na neman iska, sai ga bolum uku ko huɗu kowane na son wuri a gaba. Matasan da ke wannan aiki a unguwar Zongo ta Wagadugu galibi cikin akwatin tsohuwar rediyo suke haɗawa, don haka da zarar sun shiga kasuwar Rood Woko idonsu kan mafi ƙanƙantar fotanshiyomita, wato bolum, yake faɗawa. Ɗan'uwa, dakata kaɗan.

Girma uku ne za ka fi cin karo da su: mai milimita 24, mai 16, da mai 9. Kamfanin Alpha na Taiwan yana yin duka ukun. Shawarata ita ce ka tsaya a kan mai 16, sai dole ta sa ka sauka ƙasa.

Abin da ke cin fili a fuskar amfilifaya hular murɗawa ce da yatsun mai murɗa ta. Hula mai faɗin milimita 20, ka bar tazarar da babban yatsa zai shiga tsakaninta da maƙwabciyarta, ka ga kana bukatar wajen milimita 30 daga rami zuwa rami. A wannan tazara mai 16 zai zauna har da sauran wurin wucewar waya. Mai 9 bai ƙara maka komai ba a gaba, sai dai a ciki. Kafin ka huda ƙarfe, jera hulunan a kan kwali ka murɗa su da hannunka.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta fi damuna. Fitila irin su ECC83 da EL84 suna aiki da volt 250 zuwa 300. An ƙera mai 9 ne don kayan taransisto da ƙananan miksa. Ƙarfinsa bai wuce kusan wat 0.05 ba, kuma volt ɗin da yake ɗauka kaɗan ne, alhali mai 24 na iya kaiwa rabin wat. A bakin shigar sauti, inda siginar ba ta fi volt ɗaya ko biyu ba, ƙaramin ba zai ba ka matsala ba. Bayan fitilar farko kuwa siginar kan kai volt gommai, nan sai mai 16 ko sama. Ko wanne ka sa, ka tabbata akwai kondansa a gabansa mai tare wutar DC. In ta zubo masa, za ka ji ƙarar kace-kace duk lokacin da ka murɗa, ko da jiya ka sayo shi.

Akwai wuri guda da ƙarami ba ya zuwa sam: bolum ɗin rage gurnani da ake ɗaurawa kan layin dumama fitila. Volt 6.3 a kan om 100 wat 0.4 ke nan, dare da rana muddin na'ura na kunne. Nemi mai waya a ciki, wat ɗaya ko biyu.

Kada harafin da ke bayansa ya ruɗe ka. A kayan Asiya, A shi ne na sauti, B kuma mai tafiya daidai wa daida. A tsofaffin kayan Turai da ake cirowa daga matattun rediyoyi, abin yakan juye. Tafi kasuwa da mitarka. Murɗa zuwa tsakiya, auna tsakanin ƙafar tsakiya da ta gefe. In ya nuna rabin adadin da aka rubuta, ba na ƙarar murya ba ne. Na murya zai nuna kusan kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ta gefe ɗaya. Adadin om kuwa, 1M ko 500K tsakanin fitila da fitila, 100K a bakin shiga in daga waya ko miksa sautin zai fito.

Ƙura ma a sa ta a lissafi. Jar ƙasar hanyoyin Zongo da hunturu ba ta barin komai, kuma yawancin masu 16 suna da 'yar kafa a buɗe kusa da ƙafafu. Juya ƙafafun su kalli ƙasa, ka nisanta shi da fitilar ƙarfi, domin zafin Afrilu da ya haura digiri 40 ya ishe shi ba sai ka ƙara masa ba. Wajen liƙi da dalma, daƙiƙa biyu ko uku sun isa, kuma kada ka liƙa wayar ƙasa a bayan gwangwaninsa. Zafin kan lalata layin gawayin da ke ciki. Duba tsawon wuyansa ma, ko noti zai kama bayan ya ratsa kaurin ƙarfe, ka kuma ga ko sandarsa mai haƙora ce ta milimita 6 ko mai santsi ta 6.35, don hular wannan ba ta shiga wancan.

In wuri ya ƙi duk da haka, rage yawan bolum ɗin ya fi rage girmansu. Amfilifaya Fender Champ na shekarun 1950 bolum ɗaya tak gare shi, mai 1M, har yau ana kwaikwayonsa. Akwai kuma mai hawa biyu, sanda cikin sanda, wanda zai haɗa maka bas da tirebul a rami guda, sai dai samun hularsa a nan da wuya, don haka ka saye su tare.

Kafin ka sa hannu ciki don canza wani, zare filogi daga wutar kamfanin lantarki na SONABEL, ka sauke cajin manyan kondansa ta rezista, ka auna da mita har sai ka ga ta sauka ƙasa da volt 10.